Ranar da Matatata Ta Fitar da Tawada

Ko zan manta komai, ba zan manta ranar da na yi abin kunya a gaban magajin gari ba.

Ina gama jami'a a Damagaram na dawo Tanut, na shiga ƙungiyar mata masu yin gazuwal, wato man dizal, da man ƙwallon aduwa. Sai an wanke man da ruwa kafin injin niƙa ya sha shi, ruwan wankin kuma ya fito fari fat kamar nono, duk sabulu da maiƙo. Bayan katanga muke zubar da shi, har awakin makiyaya suka fara lasa suna zawo. Makiyayan suka kai ƙara wurin magajin gari, aka ce mu gyara ko a rufe mu.

Na ce a bar mini. Na sami tano, wato durom, na jera tsakuwa, yashi da gawayi a ciki na yi matata, ruwan wankin ya riƙa fitowa garau. (Daga ranar tafiyata ma ta canza.)

Da safen ranar da za a zo dubawa, zumuɗi ya sa na kwashe tsohon gawayin na zuba sabo, don aiki ya ƙara kyau. Ban wanke shi ba.

Jama'a suka taru. Na yi jawabi da Faransanci har da ɗaga yatsa, na miƙa wa magajin gari kofin gilashi, na murɗa famfon matatar.

Baƙi ƙirin!

Ardo, shugaban makiyayan, ya leƙa kofin ya ce, "Ɗiyata, farin ma ya kwantar mana da awaki, ina ga wannan?"

Wani daga baya ya ce a kai wa malam ya yi rubutu. Dariya ta ɓarke. Ni kuwa Faransancin ya gudu, Hausar ma ta ƙi zuwa, sai hawaye.

Hajiya Mariyama, shugabarmu, ta dafa kafaɗata ta ce, "Ranka ya daɗe, a sha shayi tukuna. A bar shi ya zuba."

Aka bar famfon a buɗe. Kafin a gama shayi ruwan ya washe. Ardo ya shinshina, ya murza a yatsa, ya ce in dai ba za a ƙara zubarwa a hanyar dabbobi ba, ya janye ƙara. Yanzu da ruwan muke sake wanke mai.

Har yau a kasuwa Mai Tawada ake kirana. Ni kuma na koyi darasi: abin da ke aiki lafiya, ba na ƙara masa kyau ranar da baƙi za su zo.