Kabad ɗin Alhaji Mijinyawa

Duk wanda ya zauna a Borokiri ta Fatakwal kafin rikici, in ya ce bai san Alhaji Mijinyawa ba, to bai san ilimi ba. Dillalin fatu ne, amma wannan neman tuwo ne kawai. Ainihin muƙaminsa, wanda ya naɗa wa kansa rawaninsa kuma ya yi wa kansa mubaya'a, shi ne Uban Karatun 'Ya'yan Hausawan Kudu. Yara kuwa, a bayan idonsa, Baba Kabad suke ce masa.

Kabad ɗin, mai ƙofar gilashi, abin kallo ne. A gwanjon wani Bature mai komawa gida ya saye shi, cike da littattafai masu jan bango da rubutun zinariya. Ya jingina shi da bangon zaurensa, wanda ke tsattsafar da ruwa wata tara a shekara, ya kulle, ya rataya mabuɗin a wuya tare da layarsa. Tun ranar ba a sake buɗewa ba. Alhaji ya ce iskar teku gishiri gare ta, gishiri kuwa abokin gaban takarda ne.

Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci yakan tara yaran unguwa, ya sa su wanke hannu da sabulu, sannan su jeru gaban gilashin, hannuwa a baya.

"Ku kalla da kyau," yakan ce. "Karatu wuta ne, daga nesa ake fara jin ɗuminsa. Ni da kuke gani, book don enter my body, littafi ya riga ya shige jikina. Ba sai na buɗe ba."

Ba a taɓa kama shi yana karanta ko tikitin jirgi ba, amma wannan tawali'u ne.

Barira mai ƙosai, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, ta san hangen Dala ba shiga birni ba ne. 'Yarta Zuliha tana aji shida, kuma littafinta shi ne tsofaffin jaridun da ake ƙunshe ƙosai. Barira ba ta san ko baƙi ɗaya ba, amma ba ta yage shafi sai Zuliha ta karanta mata shi ta fassara. In yarinyar ta tsaya, sai ta ce, "To, sai kuma me ya faru?" Ƙosai da yawa ya huce a mataci saboda ba a kai ƙarshen labari ba.

Sau ɗaya ta roƙi Alhaji aron littafi guda. Ya dubi hannunta, ya dubi kabad.

"Barira, mai da takarda ba sa ga maciji."

Yana da wata doka kuma. Duk takardar da yaro ya samo daga makaranta sai an kawo masa ya buga hatimi, sannan ya zura ta ta wata 'yar kafa a saman kabad, ta faɗa bayan littattafai, don ilimi ya zauna da ɗan'uwansa. Iyaye suna bi, saboda shi ke tsaya musu gaban masu gidajen haya da 'yan sanda.

A damunar 1966, da ƙasa ta fara rikicewa, hedimastan su Zuliha, Mista Amadi, ya tako da ƙafarsa har gaban kaskon Barira, a lokacin da ba kowa ke son a gan shi a unguwar Hausawa ba. Ya miƙa mata takardar canjin makaranta.

"Mama Zuliha, hold am well. If una reach North, na this paper go talk for am."

Wato ta riƙe ta da kyau, in sun isa Arewa takardar ce za ta yi wa Zuliha magana. Ta ɗaure ta a bakin zani. Kafin la'asar Alhaji ya aiko a kira ta.

"Takarda ba hatimina? Wa zai dube ta a Arewa?"

Ta kwance ta ba shi. Tana kallo ya buga, ya hura, ya zura. Ta ce, "Allah ya ƙara girma."

Bayan wata uku aka ce baƙi kowa ya koma garinsu. A tashar jirgin ƙasa mutane suka bar kekunan ɗinki da gadaje. Barira ta bar kaskonta. Alhaji ya iso da kabad a kan lebura huɗu, ko da yake biyu ma sun yi yawa.

"Alhaji, ai ba nauyi," in ji ɗayansu.

"Ilimi ba ya yi wa mai niyya nauyi."

Kabad ya samu wurin mutum uku a tarago. Barira ta yi rabin tafiyar a tsaye, tana addu'ar tsira a kowace tasha, amma idonta bai bar gilashin nan ba.

A Kano suka sauka Fagge. Barira ta yi sintiri wurin Alhaji kwana biyar don karɓar takardar, yana cewa irin wannan buɗi ba a yinsa ba shaidu. Ranar da shaidu suka taru ya yi jawabi kan yadda ya ceto ilimi daga bakin wuta, wasu kuwa tukwane suka ceto. Mabuɗi ya ƙi juyawa saboda tsatsa, sai da kafinta ya ɓalle kwaɗon. Alhaji ya yi bisimilla ya jawo littafin farko. Bangon ne kaɗai ya biyo shi. A bayansa jar ƙasa ce da gari, tun daga sama har ƙasa. Ashe shekara da shekaru kallon kitse ake yi wa rogo. Gara ta shigo ta bangon zaure, ba ta wanke hannu ba, ta bi littattafan ɗaya bayan ɗaya.

Barira ta durƙusa ta tona da hannunta. Abin da ta samu na takardar Zuliha ɗan kusurwa ne, inda hatimin Alhaji yake. Shi kam ko gara ta ƙi shi.

Hedimastan da suka je wurinsa a Kano ya miƙa wa Zuliha jarida. Ta karanta ba gargada. Ya ce 'yan aji bakwai ɗinsa ma ba su kai ta ba, amma ba takarda, sai dai aji huɗu. Barira ta yi kuka a hanya, kukan baƙin ciki na gaske, har ta zauna a bakin kwalbati. Zuliha ta tafi aji huɗu, ta fi kowa tsawo. Takardarta ta farko da ta kawo, uwar ta ɗinke ta a cikin matashi.

Alhaji kuwa ya bayyana cewa aikin maƙiya ne. Ya sa kafinta ya manna jajayen bangayen a jikin katako, ya jera su, ya sayi sabon kwaɗo. Yanzu yaran Fagge ke jeruwa gaban gilashin ranar Juma'a, hannuwa a baya. Kuma a faɗi gaskiya, kabad ɗin yana aiki daidai yadda yake yi a da.