Gwiwar Zalika Ta Sha Rawani

"Lafiya ƙalau, sai dai ganinka da ya ɓata mini safiya," in ji Zalika, tana gyara hannunta na dama da ta naɗe da zane tun daga kafaɗa har wuyan hannu.

Alfari, taubashinta, ɗan ƙanwar babanta, ya jingine kekensa ya ja kujera. Kwana tara ke nan da dawowarta daga Yamai, inda aka yi mata aiki a gwiwar hannu. Shekara talatin tana kirɓa furar sayarwa a Gaya, har taɓarya ta cinye mata jijiya, ko moɗa ba ta iya ɗagawa. Mijinta ya rasu. Ɗiyarta Hasana tana aure a hayin kogi, ga tsohon ciki, ga gada a rufe tun da soja suka karɓi mulki. Da fura ta tsaya, sai ƙafar mutane ta ɗauke daga gidan.

"Wa aka naɗa sarauta, ke ko hannun?"

"Yanka ni aka yi, bawan gidanmu. Lokotoro uku suka taru a kaina."

"Biyu na riƙe bakinki ke nan, ɗaya na aiki."

"Ɗinki arba'in!"

"Ko buhun shinkafa bai sha arba'in ba. Kwance in gani."

"Ka gani ka suma? Wa zai ɗaga wannan tumbin, ni da hannu ɗaya?"

"Labo direba ya ce da hantsi kika shiga asibiti, kafin azahar kina cin tsire a tasha."

"Labo maƙaryaci ne. Kifi ne."

Kafin ta ankara Alfari ya cafke bakin zanen. Ya yi ta warwara, tana zaginsa har kakanni, ta manta kakan nasu ɗaya ne. Da zane ya ƙare, sai ga ɗan filasta. Ya ɗaga gefensa, ya matso da ido.

"Zalika, ina ciwon? Ko sauro ne ya yi miki aikin?"

"Aikin zamani ne, jahili. Allura suka yi, wurin ya mutu. Suka ɗora wata na'ura mai ganin cikin nama, suka zura ɗan ƙarfe kamar tsinken tsintsiya, suka zuƙe inda jijiyar ta lalace. Idona biyu, ina kallo."

"Ɗinki nawa?"

"Babu."

"To rawanin fa?"

Ta dubi tsakar gidan da ta share tun asuba, har yanzu sawun tsintsiya na nan, ba wanda ya taka sai shi.

"Ranar da na dawo maƙwabta sun cika gidan nan," ta ce a hankali. "Suka ga filasta, suka ce ashe abin da sauƙi. Ba wanda ya sake leƙowa. Sati shida aka hana ni taɓarya, Alfari. Da wa zan yi hira, da turmi?"

Alfari ya yi ta murza zanen. Can ya yi tsaki.

"Matsalarki ba ki iya ƙarya ba. Miƙo hannun."

Ya mai da naɗin, ya ciro mayafin wuyansa ya rataya mata hannun a ƙirji.

"Yau bayan la'asar zan ce ɗinki tamanin, har ƙashi aka ciro aka wanke aka mayar."

"A masallaci za ka yi ƙarya?"

"A ƙofar masallaci. Gobe kuma Auta matata za ta zo ta kirɓa miki fura, ke ki zauna kina kushe ta, masu saye su dawo."

"Furar Auta? Ko akuya sai ta yi shawara."

"Shi ya sa za ki koya mata. Ni ma kullum zan zo, kada baiwata ta lalace in yi asara."

Dariya ta ƙwace wa Zalika, har gwiwar ta amsa. Ta lalubo goro a bakin zaninta da hagu, ta jefa masa.

"Karɓi, yau ɗaya kai ne ubangida. Amma ka ce sittin. Tamanin ba wanda zai yarda."