Rasuwar Allona, Wanda Ya Juya Sau Ɗaya Tak

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, ni Ɗanladi Akawu na Unguwar Kanawa, a madadin kaina da maiɗakina Laraba da tabarmar ƙofar gidana, ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da waɗanda a da nake yi wa kallon abokan arziki, rasuwar allona na wasan haɗa kalmomi. Ya cika ranar Asabar da ta wuce bayan la'asar, a gaban idon mutanen da ya yi wa hidima shekara da shekaru. Mai rai mamaci ne, wannan na sani, amma akwai masu hannu a wannan mutuwa.

Ga wanda bai san marigayin ba, kwali ne mai kauri mai naɗewa biyu, fuskarsa a rarrabe gida-gida, wasu ja wasu shuɗi, da tauraro a tsakiya. 'Ya'yansa 'yan katako ne, kowanne da harafin boko ɗaya. Akan zuba su a jaka, kowa ya ɗebi bakwai ba leƙe, ya haɗa kalmar Turanci a kan allo, a ba shi maki. Na same shi a gwanjon wani Bature mai komawa gida, shekarar da aka gama yaƙi, lokacin da duk unguwar nan ba mai irinsa. Tun daga ranar ƙofar gidana ta zama majalisa.

Marigayi mai haƙuri ne. Ya sha kunu, ya sha feshin goro, yayyafi ya same shi ba sau ɗaya ba, bai taɓa ƙorafi ba. Ba shi da yawan magana. In an girgiza jaka sai ka ji kacar-kacar, in an ajiye harafi sai ka ji ƙas, shi ke nan. Amma babban halinsa shi ne ya san mai shi. Al'adar majalisarmu, wadda ba ni na ƙirƙiro ba, ita ce mai allo ke zama a gindin allo, haruffa suna kallonsa. Audu malamin makaranta yana damana, wuya a karkace. Yakubu na tashar jirgin ƙasa yana haguna, shi ma haka. Yusha'u kuwa, ƙaraminmu, wanda ni na koya wa wasan tun bai san inda ake sa hannu a jaka ba, yana can ɗaya gefen yana karatu kai a ƙasa. A wannan zama na yi zamanina, ba wanda ya iya tumɓuke ni. Masu baƙin ciki sun ce wai wurin zama ne. Na ce hassada ga mai rabo taki ce.

Ciwon ajali ya faro ne bara, da ma'aikatarmu ta tura Yusha'u kwas Ingila, kwas ɗin da kowa ya san wa ya kamata a tura. Ya dawo da kwat wadda yake sawa ko da zafin bazara, ya kuma dawo da allo. Ba zan yabi wannan allo a sanarwar mamacina ba. Zan dai ce na roba ne mai ƙyalli, kowane gida da ɗan bakinsa yadda harafi ba ya zamewa, yana zaune a kan gindi, da ɗan yatsa ɗaya za ka juya shi ya fuskanci duk wanda layi ya zo kansa. Allo ne mara kunya, kowa nasa ne. Na je gidan Yusha'u a Abakpa na gan shi sau ɗaya don kada a ce, aka cinye ni, kuma ƙyallin robar ne ya kashe mini ido.

Daga nan majalisa ta tashi, ta koma Abakpa. Audu, wanda ya ci ƙosan Laraba har wuyan da yake karkatawa ya yi kauri, sai ya wuce ta ƙofar gidana a kan babur ya ɗaga mini hannu kamar ɗan sandan hanya. Yakubu ya ce wai likita ne ya hana shi karkata wuya. Kowace Asabar sai in shimfiɗa tabarma, in buɗe marigayi, in girgiza jaka da ƙarfi don masu wucewa su ji. Kacar-kacar, ba mai amsawa sai kaji. Na ji zafi, kuma har yanzu ina ji. In na ji an ambaci Abakpa sai in tashi in bar wurin.

Ganin jikin ya ƙi, sai na kai shi neman magani wurin Rabe kafinta a Kinkinau. Na gaya masa ina so allon nan ya juya, juyin da zai fi na Yusha'u. Rabe mutum ne mai riƙon amana. Ya ɗauko wani tsohon garmaho da ke ajiye a shagonsa, ya huda marigayi a kan tauraro, daidai inda yake naɗewa, ya ɗora shi a mazaunin faifai. Ya gyara sifirin ɗin da ke juya faifai, ya zuba mai, ya nuna mini hannun wanawa da ɗan birki. Ya rantse ko a Ingila ba a yi mai gudunsa ba, kuma ban same shi da ƙarya ba.

Na aika wa majalisa, suka zo, ko don kunya ko don kallo. Kafin isowarsu na wana garmaho har hannun ya ƙi gaba. Kowa ya zauna a tsohon wurinsa, Laraba ta aiko da ƙosai, na ji kamar an mayar mini da sarautata. Wasa ya yi nisa, allo ya cika, sai Allah ya ba ni kalmar da na yi shekaru ina jira, haruffa bakwai cif, ta ƙare a kan jan gida. Na jera su ɗaya bayan ɗaya, ƙas, ƙas, ƙas, ina kallon Yusha'u. Layi ya zo kansa. Na gyara hula, na sa yatsa na saki birki.

Marigayi ya juya. Ya yi wuuu, kukan da ban taɓa jin ya yi ba. Haruffa suka watse kamar an jefa dutse cikin 'yan tsaki. Ɗaya ya sami Yakubu a goshi, wani ya faɗa kwata, wasu suka haura katanga. Sai na ji fyaat, allo ya rabe biyu daga tauraro, rabi a cinyar Audu, rabi a kwanon ƙosai. Wannan ita ce kalmarsa ta ƙarshe. Ba a kai ga ƙirga mini makin kalmata ba, kuma Audu ya ce shi bai gan ta da kyau ba.

Dariyarsu ba ta dame ni ba kamar abin da ya biyo baya. Yusha'u bai yi dariya ba. Ya durƙusa yana tsince haruffa yana gogewa da gefen kwat ɗinsa, ya kira ni Yaya kamar yadda ya saba, ya ce da ma ban wahalar da kaina ba. Wai ko a gidansa ba ya bari a juya masa allo, don idonsa ya saba da karatu kai a ƙasa, kuma wannan allon ne ya koya masa. Wato duk shekarun nan ina zaune a gindi ina taƙama, marigayi yana can ɗaya gefen yana yi mini rainon abokin gaba. Da zagi ne da na rama. Laraba ta ce garin neman gira aka rasa ido. Ni dai na ce kambun baka ne, kuma na san bakin.

Marigayi ya bar 'ya'ya da dama, ban da waɗanda ke hannun maƙwabta da wanda kwata ta tafi da shi. Ya bar jaka wadda Laraba ta ɗinka da tsohon zanenta, da sandunan jera haruffa huɗu, da ƙamus mai raba gardama wanda bangonsa ya riga shi tafiya. Garmaho yana tsare a ƙarƙashin gado, Rabe ya ƙi karɓarsa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar, a gindin dalbejiyar ƙofar gidana, inda ya yi rayuwarsa. Na san lokacin ya yi daidai da na wasan Abakpa, ba kuskure ba ne. Za a shimfiɗa tabarma ta mutum huɗu, Laraba za ta soya ƙosai, ni kuma zan zauna ina kallon hanya, in ga wanda ya zo da wanda ya ɗaga hannu ya wuce. Ba a buƙatar gudummawa.

Idan Yusha'u ya ga dama ya zo da wancan allon nasa, ba zan kore shi ba, gidan makoki ba a korar baƙo. Sai dai a ajiye shi a kan tabarmata, haruffa suna kallona, kuma don girman mamaci kada wanda ya juya shi.