Yadda Za Ka Sa Matarka Ta Zaɓi Gidan da Ka Riga Ka Saya

Abokan Dogo sukan ce ko takalmi ba ya saye sai ya shawarci matarsa. Surukarsa tana cewa irinsa ɗaya ne a dangi. Dillalin gidajen da nake tuƙa wa mota kuwa cewa ya yi, "Ya biya kuɗin gidan kan tudu tun watan jiya, ita ba ta sani ba. Yau za mu kai su su zaɓa."

Direba kunne ne, ba baki ba. Abin da na ji na tsara maka. Ka bi shi, tabbas za ka yi nasara, in ka tsaya inda ya dace.

1. Ka nuna kai ba ka da ra'ayi.
Unguwa biyu ce: ta bayan kasuwa, inda masu kawo mata ɗinki suke, da ta kan tudu, inda ka saya. Ka ce, "Ni fa duk inda kika ce." Kada ka faɗa fiye da sau uku.

2. Ka zaɓi lokaci.
Unguwar da take so, ku je daidai tashin 'yan makaranta. Direba ya bi ta layin masu walda. Ka sauke gilashi, ka yi tari kaɗan. In ta ce, "Ai nan kwastomomina suke," ka ce, "Gaskiya ne," ka sake tari.

3. Ka kushe naka.
Mai wayo ba ya yabon hajarsa. Da kun hau tudu ka ce, "Kai, da nisa." Ita za ta ce, "Amma akwai iska." Shike nan, kifi ya ga ƙugiya.

4. Ka ja kunnen maƙwabta tun jiya.
Dogo ya manta. Wani tsoho ya taso daga benci hannu a miƙe: "Maƙwabci! An gyara famfon?" Dogo ya ce, "Baba, kama ce." Tsohon ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce, "To, Allah mai iko."

5. Ka bugi ƙofa da goshi.
Wannan shi ne matakin da babu mai tunawa. Ƙofar kicin gajera ce. Baƙo sai ya ƙume. Dogo yana magana, yana kallon baya, ya sunkuya ya shige sumul.

Matar ta tsaya. "Baban yara, ashe ƙofar nan ta san ka."

"Wace ƙofa?"

"Fito ka sake shiga, in gani."

Bai sake ba. Ta ciro tef daga jaka, ta auna babban ɗakin gaba, wanda ya ware wa kansa don kallon ƙwallo. "Keken ɗinki biyu da teburin yanka za su shiga. Kai za ka riƙa kai wa mutane ɗinkinsu bayan kasuwa, tunda ba ka da ra'ayi."

Gargaɗi: duk abin da ya biyo baya, babu ruwana, babu ruwan dillali. Ni tuƙi aka ce in yi.

Dogo dai ya yi ƙasa da murya, ya motsa baki. Ta buɗe taga, ta ce, "Maƙwabcinka bai ji ba."

Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga murya, har tsohon ya juyo daga benci.

"Maman yara, na saya ban tambaye ki ba, na kuma yi miki ƙarya. Ki yi haƙuri."