Doki Ya Shiga Gida a Wasa na Shida

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar gasar ces, darar Turawa, ta Illela, wadda 'yan Ƙonni suka ƙetaro iyaka domin ta. Mahaifina malamin makarantar allo ne, kuma a wurinsa duk wata dara ɓata lokaci ce. Da ƙyar na shawo kansa ya zo ya gani da idonsa. Ya ce in ya tarar shiririta ce, to na bar ta ke nan har abada.

An haɗa ni da wani dattijo daga Ƙonni, Malam Isuhu, wanda makinsa bai kai nawa ba (wannan shi ya fara kumbura mini kai). Baƙaƙen 'ya'ya aka ba ni. Akwai wata buɗewar wasa da ake kira Karo-Kan, na haddace wasa ashirin nata na farko a waya, yadda aka koya mana hadda a gida.

Muka fara, hannuna na gudu, idona na kan ƙofa inda Baba ke gaisawa da mutane. A wasa na biyar ina jiran dattijon ya fito da doki, ashe sarauniya ya turo gaban sarkinsa. Ban duba ba, wallahi. Na fito da dokina kamar yadda hadda ta ce. Ya ɗaga nasa dokin a hankali ya dasa kusa da sarkina. Mayaƙana sun kewaye sarkin, ba mafita, sojan da zai ci dokin kuma sarauniyar nan ta ɗaure shi, in ya gusa sarkina ya faɗa bakinta. Wasa shida, an kashe ni.

Daidai lokacin Baba ya tattara rigarsa ya zauna. Ya ga muna musafaha, ya ce, "Yanzu za ku hwara?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Malam Isuhu ne ya yi masa bayani, cikin tausayi, abin da ya fi zagi ciwo.

Muka kamo hanya ni da Baba, har muka wuce kasuwa. Sai a ƙofar gida ya tsaya.

"Darar ba shiririta ba ce, kai ne shiriritar. Ka koma wurin dattijon nan ya koya maka."

Na koma. Tun daga ranar, komai ƙarfin haddata, sai na dubi abin da mutum ya ajiye a gabana kafin in miƙa hannu.