Yadda Na Binne Baba Ilu da Ransa

Ina da shirin tarihi da nake tura wa mutane ta waya duk Juma'a, kuma a lokacin gani nake babu mai bin diddigi kamata a duk Birnin Kudu. Baƙon da masu sauraro suka fi ƙauna shi ne Baba Ilu na Basirka, dattijon da ya ba mu labarin kafuwar garinsu.

Wata Laraba wani ɗan acaɓa ya ce mini an yi rasuwa a gidansu. Ban tambayi wanda ya rasu ba, tunda shi ne mafi tsufa. Na haɗa shiri na musamman, na sanar da rasuwarsa, na roƙi jama'a su yafe masa.

Masu sauraro suka cika bas zuwa ta'aziyya, ni ne a kujerar gaba. Muka tarar da shi zaune kan tabarma, yana karɓar gaisuwar rasuwar ƙaninsa.

Ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, na ji shirin. Ka yabe ni, na gode. Amma ka yi gaggawa."

Har yau in ya kira ni, da haka yake farawa: "Malam, marigayi ne ke magana."