Tayoyin Keken Surukina

Na faɗa teku da kaftanina, kuma tayar da na zaɓa da hannuna ce ta jefa ni.

Mijin 'yata, Nura, yana da wani keke mai ƙafa uku, wanda iska ke ja da ƙatuwar lema a bakin teku. Tayoyinsa suka cinye, zai yi odar masu faɗi irin na kamfani. Na hana. Na yi shekaru ina tuƙa mota daga Agadas cikin sahara, wa zai koya mini rairayi? Na samo masa tsofaffin tayoyin baro a unguwarmu ta Bronx, nan Amurka, na rage musu iska sosai yadda muke yi a sahara.

Ya dubi tayoyin, ya sunkuyar da kai. "To, Baba." Kunyar surukuta ta rufe masa baki.

Na hau don in nuna masa. A kwanar farko tayar gaba ta fice daga rim, wato ƙarfen da take kai, keken ya kife, lemar ta ja ni cikin ruwa. Ni kuwa ban iya ruwa ba.

Nura ya faɗo ruwan da takalmansa, ya kwance igiyar lemar daga jikina, ya fito da ni. Ya lulluɓe ni da jaket ɗinsa, ya ce, "Baba, laifin iskar ne." Allah ya yi masa albarka, bai faɗa wa kowa ba. 'Yata ce ta ɗauki bidiyo, ta watsa shi.

Yanzu ina nan a teburina a bakin titin Grand Concourse, ina sayar da huluna. Masu fitowa daga masallaci sai su tsaya: "Sarkin Rairayi, a duba mana iskar taya mana." Nakan ce su tambayi surukina.